Ƙarin Aji da Iya Karatu: Ina Yaran Firamaren Ƙasar Gumel Suka Tsaya?

Duk ƙarshen shekarar karatu, wajen watan Yuli, yara kan koma gida da katin sakamako a hannu. Uba a Gumel ko Sule Tankarkar ya duba, ya ga ɗansa ya zo na bakwai cikin yara tamanin, an kuma rubuta cewa ya wuce aji huɗu. Ya sa masa albarka. Bayan kwana biyu a kawo katin ɗaurin aure, a ce wa yaron ya karanto rana da wuri, sai ya ƙura wa takarda ido ya yi shiru. Daga nan magana ta rabu. Wani ya ce yaron ne daƙiƙi, wani ya ce malaman yanzu ba sa koyarwa, wani kuma ya ce ai da ma boko sai a sakandare ake fara gane kansa. Katin bai yi ƙarya ba, na bakwai ɗin yaron ya zo. Abin da katin bai faɗa ba shi ne ko na ɗayan ma ya iya karatu.

Wannan ruɗani sananne ne a ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, wato Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, kamar yadda yake a sauran Jihar Jigawa. Tushensa shi ne an haɗa abubuwa huɗu mabambanta an sa musu suna guda.

Abin da ake nufi da ci gaban koyo

Akwai shiga makaranta, wato sunan yaro ya hau rajista. Akwai halarta, wato yaron ya zo ya zauna a aji. Akwai ƙarin aji, wanda shekara ce ke kawo shi. Sannan akwai koyo, wato abin da yaron ya iya yi yau wanda bara bai iya ba. Ukun farko suna da sauƙin ƙirgawa, shi ya sa su ake yawan ji a bakin hukuma. Na huɗun sai an zauna da yaro an gwada shi.

Ƙananan azuzuwa su ne aji ɗaya zuwa uku, na yara masu shekara shida zuwa takwas. A nan ake aza tubalin karatu da lissafi. Tubalin karatu hawa-hawa yake: yaro ya gane sautin kowane baƙi da wasali, ya haɗa su su ba da gaɓa, ya haɗa gaɓoɓi su ba da kalma, ya karanta jimla ba tare da tsayawa kan kowane harafi ba, a ƙarshe ya fahimci abin da ya karanta. Tubalin lissafi kuwa shi ne gane lambobi, sanin wacce ta fi wacce, tarawa da ɗebewa, da gane cewa 2 ɗin da ke cikin 25 ashirin ce.

Malamai da suka je bita sukan dawo da kalmar foniks. Kalmar aro ce daga Turanci, ma'anarta koyar da yaro sautin harafi maimakon sunansa kawai. Akwai kuma EGRA, taƙaitaccen sunan wani awon karatu da aka ƙirƙiro a 2006, inda mai gwaji ke zama da yaro shi kaɗai, ya ba shi haruffa ko ɗan gajeren labari, ya ƙirga nawa ya karanta daidai cikin minti ɗaya, sannan ya yi masa tambayoyi. A 2019 Bankin Duniya ya fito da wata kalma, talaucin koyo, yana nufin yaro ya kai shekara goma bai iya karanta ɗan labari mai sauƙi ya gane shi ba.

Yadda aka zo nan

Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya buɗe ƙofar makaranta ga 'ya'yan talakawa da yawan da ba a taɓa gani ba, lokacin ƙasar Gumel tana cikin tsohuwar Jihar Kano. An ƙirƙiri Jigawa a 1991. A 1999 aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE, dokarsa ta fito a 2004, ta mai da shekara tara na farko kyauta kuma tilas. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wadda kowa ke kira SUBEB, ita ke riƙe da firamare tare da ofisoshin ilimi na ƙananan hukumomi.

Cikin waɗannan shekaru duka, tambayar da aka fi yi ita ce yara nawa suka shiga, azuzuwa nawa aka gina. Tambaya ce mai ma'ana a yankin da iyaye da yawa suka daɗe suna ɗari-ɗari da boko. Amma ta sa an saba da auna nasara da kwano da siminti. Sai daga baya, musamman lokacin da shirin ESSPIN mai tallafin Birtaniya ya yi aiki a Jigawa da wasu jihohi biyar tsakanin 2008 da 2017, aka fara ɗaukar yara ɗaya-ɗaya ana gwada abin da ke kansu.

Sakamakon bai yi daɗin ji ba. A 2014 an yi awon EGRA a Jigawa, Kano, Kaduna da Katsina, aka tarar akasarin yaran ƙananan azuzuwa da aka gwada ba su iya karanta ko kalma guda daga labarin Hausa ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna cewa a faɗin Nijeriya kusan yaro ɗaya ne cikin huɗu, daga masu shekara 7 zuwa 14, yake da tubalin karatu, haka ma lissafi, kuma karkarar arewa tana ƙasa da wannan matsakaicin. Matsalar ba ta Nijeriya kaɗai ba ce. Ƙiyasin Bankin Duniya na 2022 ya sa talaucin koyo a Afirka kudu da Sahara kusan yara tara cikin goma. Wannan ya isa ya kawar da zancen daƙiƙanci. In yaro ɗaya ya kasa, ana iya duba yaron. In aji guda ya kasa, sai a duba ajin.

Amshi da karatu

Duk wanda ya wuce ta bayan tagar aji biyu da hantsi ya san sautin. Malami ya rubuta jimla a allo, ya nuna da tsumagiya ya faɗa, yara su amsa baki ɗaya da ƙarfi har ana ji daga bakin titi. Ya maimaita sau goma. Mai wucewa zai ce karatu ya yi nisa. To a goge allon, a rubuta kalmomin nan dai a sauya musu jeri, a kira yaro ɗaya daga layin baya. Sau da yawa zai rero jimlar farko yadda ya ji ta, yatsansa na kan wata kalma dabam. Kunnensa ya yi aiki, idonsa bai yi ba.

Abin takaicin shi ne rubutun Hausa na boko yana cikin masu sauƙin koyo. Galibi yadda aka rubuta haka ake furtawa. Yaron da ya san sautin b da sautin a zai haɗa ba, ya ƙara ki ya sami baki. Wahalarsa kaɗan ce: baƙaƙe masu lanƙwasa irin ɓ, ɗ da ƙ, tagwayen baƙaƙe irin sh, ts da ƙw, sai kuma rashin nuna tsawon wasali da karin sauti, wanda ya sa garin Gumel da garin tuwo suke da rubutu ɗaya. Wannan na ƙarshe ba ya damun yaron da Hausa ce harshensa, domin jimla kan warware masa.

Amma a azuzuwa da yawa abin da ake fara cusa wa yaro shi ne jerin sunayen haruffan Turanci. A can, harafin a sunansa e, harafin e sunansa i, harafin i kuma sunansa ai. Yaron da ya haddace wannan jeri tsaf, in aka ba shi kalmar gida, sai ya kira sunayen haruffan huɗu daidai, amma ba su haɗu sun ba shi gida ba. Ya sha wahala, an yaba masa, bai kuwa matsa ba.

Lissafi ma yana da irin wannan giɓi, sai dai ta wata fuskar. Yarinyar da ke tallar gyaɗa ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, a ba ta naira 500 a sayi ta 350, ba ta ɓata lokaci wajen miƙo canji, wani lokaci ma tana jin lissafin sefa na baƙin da suka tsallako daga Nijar. A rubuta mata 500 a sama, 350 a ƙasa, a ja layi, sai ta rasa ta inda za ta fara. Kan nan yana da lissafi. Ba a dai haɗa mata shi da alamomin takarda ba.

Kalandar makaranta da kalandar gona

Ƙasar Gumel ƙasar noman damina ce: gero, dawa, wake, riɗi, zoɓo. Zango na uku yakan faɗo daidai lokacin shuka da noman farko. Zango na ɗaya, daga Satumba zuwa Disamba, shi ne kaka, lokacin yankan riɗi da roron wake da tsinkar zoɓo, ayyukan da ƙananan hannaye ke da amfani a cikinsu. A kan wannan a ɗora ranar kasuwa, da zazzaɓin cizon sauro da ke tsananta a ƙarshen damina, da zafin bazara na Afrilu da ke sa aji mai rufin kwano ya gagara zama bayan sha ɗaya. 'Ya'yan makiyaya kuwa suna da tasu tafiyar. Yaron da sunansa ke rajista shekara uku, in aka tattara kwanakin da ya zauna aka koya masa wani abu, ƙila ba su cika na shekara biyu ba.

Karatu a matakin farko ba ya jure yankewa. Wanda ya rasa makon da aka koyar da haɗa gaɓa, in ya dawo ya tarar an shiga jimla, ba wanda zai koma dominsa.

Akwai kuma abin da ya riga makaranta. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Irin wannan yaro yana shiga aji ɗaya da nauyin da malami bai ɗora masa ba. Shirin ciyar da ɗalibai da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 ga aji ɗaya zuwa uku ya cika azuzuwa inda ya gudana, sai dai cika aji ba tare da ƙara malami ba yana da tasa illar.

Malamin aji ɗaya

Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35. A makarantun cikin gari ba abin mamaki ba ne a ga ninkin haka ko fiye a zaune a ƙasa, a ƙauye kuma malami biyu ko uku su riƙe dukkan azuzuwa shida. Wata al'ada da ba a cika magana a kanta ba ita ce tura malamin da ake ganin ya fi rauni zuwa aji ɗaya, a ajiye gwanaye a aji shida saboda jarrabawar fita. Wannan gini ne da aka sa ƙwararren magini a rufi, aka bar wa ɗan koyo harsashi.

Ra'ayi ya rabu kan maganin. Wasu na ganin a gwada malamai a sallami waɗanda suka kasa, kamar yadda Kaduna ta yi a 2017 ga malamai sama da dubu ashirin. Wasu na cewa malamin da ke ƙauyen Gagarawa shi ne wanda ake da shi, in an kore shi babu layin masu jiran gurbinsa, don haka gara a horar da shi, a ba shi jagoran darasi na kullum, a riƙa zuwa ana duba shi a aji. Jigawa ta fi karkata ga hanya ta biyu da ƙarin ɗauka, ciki har da shirin J-Teach na malaman wucin gadi. Masarautar tana da wata dama a nan, domin Kwalejin Ilimi ta jiha a Gumel take. Tambayar da ta dace a yi wa kwalejin ita ce ɗalibi mai neman shaidar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin takardar koyarwa, sa'a nawa yake yi yana koyon yadda ake koya wa ɗan shekara shida haɗa baƙi da wasali a Hausa.

Rigimar harshe

Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi koyarwa da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin a shekarun farko na firamare, Turanci ya zama darasi kafin ya karɓi ragama. A Nuwamba 2022 gwamnatin tarayya ta tsawaita wannan zuwa duk shekaru shida. A Nuwamba 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin, aka mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga tushe, bisa hujjar cewa yankunan da suka fi dogara da harshen gida suna faɗuwa a manyan jarrabawa.

Masu goyon bayan hakan suna da abin faɗi. Jarrabawar kammala sakandare da ta shiga jami'a da Turanci ake yi, kuma iyaye na ganin yadda 'ya'yan masu hali ke tafiya makarantun kuɗi inda ake Turanci tun daga rainon yara. Masu suka kuma suna cewa ba a taɓa aiwatar da tsarin harshen uwa yadda ya kamata ba, babu littattafai, babu horo, don haka an yanke wa abin da ba a gwada ba hukunci. Suna kafa hujja da gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda yaran da aka koyar da Yarbanci shekara shida ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin kansa. A arewa ma an yi shirye-shiryen karatu da Hausa, irin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara. Maƙwabta a Nijar sun buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram tun 1973.

Ga wanda ya san ajin ƙauye a Sule Tankarkar, muhawarar tana da wani ɓangare da ba a cika jin sa a Abuja ba. Ko me takarda ta ce, malami da Hausa yake bayani, domin in ba haka ba babu mai jin sa. Abin da ke faruwa shi ne magana da Hausa, rubutun allo da Turanci, yaro ya tashi bai iya karanta ko ɗaya ba. Dabarar haɗa sauti sau ɗaya ake koyon ta a rayuwa, kuma ta fi saurin shiga da harshen da yaro ke ji, daga nan ya ɗauke ta zuwa wani harshen. Sai dai a tuna ba kowane yaro a masarautar ne ya tashi da Hausa a ɗakin uwarsa ba. Akwai 'ya'yan Fulani da ke shiga aji ɗaya da Fulatanci, waɗanda Hausar ma sabuwa ce a kunnensu.

A maimaita aji ko a wuce?

Dattawa da suka yi firamare da can sukan ce a dawo da maimaita aji. Matsalar ita ce in aka tsayar da duk wanda bai iya karatu ba, aji biyu zai cika ya batse, kuma yaron da aka maimaita wa irin koyarwar da ta kasa shi bara ba lallai ya amfana ba. Yarinyar da aka tsayar sau biyu kuwa sau da yawa daga nan ta bar makarantar ke nan. Wucewa da kowa ma ba magani ba ce, jinkirta ranar tonon asiri ce.

Akwai hanya ta uku da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da ita, wato koyarwa daidai matakin yaro. Ana gwada yara, a raba su rukuni-rukuni bisa abin da suka iya: waɗanda ba su san harafi ba, masu harafi, masu kalma, masu jimla. Na sa'a ɗaya ko biyu a rana ana manta da aji, kowa ya zauna da sa'o'insa a iyawa, wanda ya ƙware ya matsa gaba. An gwada ta a Wudil da Dawakin Tofa na Jihar Kano daga 2019, da Hausa.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Gumel, ko da sunanta baƙo ne. A makarantar allo, yaro ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam shi kaɗai. Ana fara masa da babbaƙu, ya gane baƙaƙe, sannan farfaru, ya sa musu wasali, kuma ba a tambayar shekara nawa ya yi kafin a ƙara masa. Yara talatin a zaure ɗaya, kowa da inda ya tsaya, malam kuma ya san wurin kowa. Makarantar allo tana da nata rauni, domin hadda takan riga fahimta nesa, amma ta riƙe ƙa'idar da firamare ta saki: ƙari sai an iya. Uban da ba zai yarda a ce ɗansa ya kai izifi biyar ba tare da ya ji ya karanta ba, shi ne kuma yake karɓar aji biyar a kan takarda bai tambaya ba, galibi saboda yana ganin boko ba fagensa ba ne.

Abin da zai iya biyo baya

Daga aji huɗu manhaja takan ɗauka cewa yaro ya iya karatu, sai ta fara ba shi kimiyya da zamantakewa ta cikin littafi. Wanda bai iya ba sai ya koma mai kwafe, yana zana abin da ke allo cikin littafinsa kamar mai zanen hula. Haka zai shiga ƙaramar sakandare. Can ne ake fara neman taimako a ɗakin jarrabawa, can ne kuma uba ke lissafa shekara tara da ya rasa mai taya shi gona ko kiwo, ya yanke shawara a kan ƙannen. Ta haka rashin koyo ke komawa ya ci yawan shiga makarantar da aka sha wahalar samu.

A ɓangaren gyara, shirin PLANE mai tallafin Birtaniya ya fara aiki a Jigawa, Kano da Kaduna a 2021 a kan karatu da lissafin ƙananan azuzuwa, kuma gwamnatin Jigawa ta Umar Namadi ta ware wa ilimin matakin farko ma'aikatarsa. Sai dai rufe hukumar bayar da tallafi ta USAID da Amurka ta yi a 2025 ya nuna yadda shirin da ya dogara da kuɗin waje ke iya tsayawa dare ɗaya, a bar littattafai a sito.

Akwai awon da ba ya buƙatar tallafin kowa. Kwamitin kula da makaranta na al'umma, wanda mai unguwa da liman da wakilan iyaye mata ke ciki, yana iya neman shugaban makaranta ya riƙa gwada 'yan aji biyu da uku ɗaya-ɗaya a ƙarshen zango: layi huɗu na labarin Hausa da yaron bai taɓa gani ba, da tambaya biyu a kansa, da ɗebewa guda uku. Aji mai yara tamanin, malami biyu za su gama da shi cikin kwana biyu. A katin sakamako, kusa da inda aka rubuta na bakwai, sai a ƙara layi ɗaya: harafi, kalma, jimla ko labari.